Jan Layin Gwajin Zazzaɓi: Zinariyar Da Ta Ƙanƙance Har Ta Canja Launi

Duk wanda ya kai mara lafiya asibiti ko ɗakin shan magani saboda zazzaɓi cikin 'yan shekarun nan, ya san ɗan farin faifan robar nan da tsawonsa bai wuce na yatsa ba. Ma'aikacin lafiya yakan soki yatsan mara lafiya, ya ɗiga jini kaɗan cikin wani ɗan rami, ya bi shi da ɗigon ruwan magani, sa'an nan ya ce a jira minti 15 ko 20. In layi ɗaya ya fito, to, ba a ga alamar zazzaɓin cizon sauro ba. In kuwa layi biyu ne, sai a rubuta magani.

Mutane da dama suna tsammani jinin mara lafiya ne ya taru ya yi jan layin nan, waɗansu kuma su ce tawada ce. A yawancin irin waɗannan faifai, abin da ido ke gani zinariya ce, zinariya ta ainihi, irin wadda ake ƙera zobe da 'yan kunne da ita. Mai karatu zai ce, ai zinariya rawaya ce, ina ta samo ja? Amsar wannan tambaya ita ce ginshiƙin wani fannin bincike da ya haɗa masana ilimin sinadarai da na fiziks, wanda ake kira kimiyyar nano. Abin da suka tabbatar shi ne, idan aka rarraba abu har ya kai wani matsayi na ƙanƙanta, yakan bar halinsa na dā ya ɗauki wani. Launinsa yakan canja, zafin da ke narkar da shi yakan ragu, har yakan yi aikin da ba ya iya yi sa'ad da yake dunƙule.

WACE IRIN ƘANƘANTA AKE NUFI?

Ma'aunin da ake aiki da shi a wannan fanni shi ne nanomita. Idan aka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kowane gida shi ne nanomita. Domin mu kama abin da kyau, kaurin silin gashi guda yakan kai wajen nanomita 80,000. Ƙwayar jan jini guda kuwa wajen nanomita 7,000 ce. Farcen mutum yana tsiro kusan nanomita ɗaya a kowace daƙiƙa, watau kafin mai karatu ya gama wannan sakin layi, farcensa ya ƙaru da nanomita masu dama bai sani ba.

Ƙwayoyin zinariyar da aka fi sa wa cikin faifan gwaji faɗinsu wajen nanomita 40 ne. Sai an jera guda 2,000 kafaɗa da kafaɗa kafin su ƙetare silin gashi ɗaya. Duk da haka kowace ɗaya tana ƙunshe da ƙwayoyin zarra na zinariya kusan miliyan 2. Masana sukan ce abu ya shiga sahun kayan nano idan girmansa yana tsakanin nanomita 1 zuwa 100. A wannan tsakani ne al'amura suke juyawa.

MASU NARKA GILASHI SUN RIGA MASANA

Abin mamaki, masu sana'a sun daɗe suna cin moriyar wannan sirri tun ba a san dalilinsa ba. A Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani kofin gilashi da Romawa suka yi a ƙarni na 4, ana kiransa Kofin Likurgus. In haske ya faɗo masa daga gaba sai a gan shi kore. In aka sa fitila a bayansa, hasken ya ratso shi, sai ya koma ja. Gidan tarihin ya mallake shi a 1958, amma sai a 1990 aka duba ɗan ɓallinsa da madubin ilaktron, watau na'urar da ke nuna abin da madubin likita na yau da kullum ba ya iya nunawa. A nan aka ga ƙananan ƙwayoyin azurfa gauraye da zinariya, masu faɗin wajen nanomita 70, warwatse cikin gilashin.

Haka kuma tagogin gilashi masu launi na tsofaffin majami'un Turai, irin na babbar majami'ar Shatir a Faransa waɗanda aka yi a ƙarni na 12 da na 13. Jan da ke cikin irin waɗannan tagogi ya fito ne daga ƙananan ƙwayoyin jan ƙarfe da suka kafu cikin gilashin sa'ad da ake gasa shi. Jan yakan yi duhu ƙwarai, har masu aikin suka koyi shimfiɗa shi siriri a kan farin gilashi domin haske ya iya wucewa. Daga farkon ƙarni na 14 kuma suka gano cewa in aka shafa wa gilashi sinadarin azurfa aka mai da shi wuta, yakan fito rawaya. Wannan rawaya ma aikin ƙananan ƙwayoyin azurfa ne. Launin bai koɗe ba har yau, gama ƙarfen yana kulle cikin gilashin, rana da ruwa ba sa kai gare shi da sauƙi.

A ƙarshen ƙarni na 17 wani Bajamushe mai suna Johann Kunckel ya shahara da yin jan gilashi da zinariya a garin Fotsdam. Ya san awon da zai zuba da irin wutar da zai hura, amma a zamaninsa babu wanda zai iya faɗin abin da ke faruwa a cikin gilashin.

KWALABEN FARADAY

Wanda ya fara bin sawun al'amarin da gwaji shi ne Michael Faraday na Ingila, ɗan maƙeri, wanda ya fara rayuwa a matsayin yaron mai ɗinkin littattafai, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan masanan wutar lantarki. Faraday ya narkar da gishirin zinariya cikin ruwa, ya ƙara masa sinadarin fosforas, sai ruwan ya koma ja kamar zoɓo. Ya lura cewa in aka haska siririn haske cikin ruwan, ana ganin hanyar da hasken ya bi, kamar yadda ake ganin hasken rana da ya shigo ta ƙofar taga cikin ɗaki mai ƙura. Daga nan ya fahimci cewa zinariyar tana nan a matsayin ƙarfe, sai dai ta rarrabu ƙanana ƙanana har ta fi ƙarfin ido da madubin da ake da shi. Ya kuma lura cewa in aka zuba gishiri kaɗan, jan yakan juye zuwa shunayya ko shuɗi. Ya gabatar da wannan bincike a 1857. Waɗansu daga cikin kwalabensa suna nan ajiye a cibiyar da ya yi aiki a Landan, ruwan kuwa bai rasa launinsa ba bayan fiye da shekara 160.

Faraday ya rasu a 1867 bai ga ƙwayoyin da idonsa ba. Sai a 1903 Richard Zsigmondy da Henry Siedentopf suka bayyana wani sabon madubi da suka ƙera a garin Yena na Jamus, wanda ke haska abu daga gefe, har aka ga ƙwayoyin zinariya cikin jan gilashi suna ƙyalli kamar taurari, aka kuma iya ƙidaya su. Zsigmondy ya sami lambar yabo ta Nobel a 1925. A 1908 kuma wani masanin fiziks, Gustav Mie, ya fitar da lissafin da ya nuna yadda girman ƙwaya ke yanke launin da za a gani.

ME YA SA TA YI JA?

Farin hasken rana gaurayen launuka ne, su ne muke gani a rarrabe a jikin bakan gizo. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kowane launi kuma da nasa tsawon zango: shuɗi wajen nanomita 450, kore wajen 520, ja wajen 650 zuwa 700. Launin da muke gani a jikin abu shi ne abin da ya rage bayan abin ya shanye nasa rabo.

A cikin kowane ƙarfe akwai ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilaktron, waɗanda ba a ɗaure suke wuri ɗaya ba, suna yawo ko'ina cikinsa. Mai karatu ya tuna da yarinya ɗauke da ƙwaryar ruwa a ka. In takunta ya dace da yadda ruwan ke kai da kawowa, sai ruwan ya riƙa tangaɗi da ƙarfi har ya zube. In ta sauya taku sai ya lafa. Ƙwayar zinariya mai nanomita 20 ko 40 ita ce ƙwaryar, ilaktron su ne ruwan, haske kuma shi ne takun. Da yake ƙwayar ta fi zangon hasken ƙanƙanta nesa ba kusa ba, dukan ilaktron da ke cikinta suna tangaɗi tare, kuma takun da ya dace da su shi ne na koren haske. Saboda haka ƙwayar takan shanye kore, abin da ya rage ya iso idonmu ja. In ƙwayoyin suka ƙara girma, ko suka manne wa juna kamar yadda gishiri ke sa su yi, sai takun ya sauya, launin ya koma shunayya ko shuɗi. Abin da Faraday ya gani ke nan.

BA LAUNI KAƊAI BA

Dalili na biyu da ke sa ƙananan abubuwa su sāke hali shi ne yawan fuska. Kowace uwargida ta san garin sukari ya fi na ƙwaya saurin narkewa cikin koko, domin ruwa yana taɓa shi ta ko'ina. A ɗauki dunƙulen zinariya mai santimita ɗaya ta kowane gefe. Fuskokinsa shida, in aka haɗa, ba su fi girman kan sarki na wasiƙa ba. In aka yanyanka shi zuwa ƙananan dunƙule masu nanomita 10, jimlar fuskokinsu za ta kai murabba'in mita 600, watau ta fi fulotin gida mai ƙafa 100 da ƙafa 50. Nauyin bai ƙaru ba ko kaɗan. A ƙwaya mai nanomita 2 kuwa, wajen rabin ƙwayoyin zarra suna a waje ne, ba su da maƙwabta ta kowane gefe da za su riƙe su.

Shi ya sa dunƙulen zinariya ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,064 a ma'aunin Salsiyas, amma ƙwayoyin da ba su wuce nanomita 2 ko 3 ba sukan narke da zafin da ya gaza wannan da ɗaruruwan digiri. Har ila yau, an san zinariya da rashin shiga sabgar sauran sinadarai, ba ta tsatsa, ba ta dusashewa, abin da ya sa ta yi daraja ke nan. Amma a 1987 wani masani ɗan Japan, Masatake Haruta, ya ba da rahoton cewa ƙwayoyin zinariya da ba su kai nanomita 5 ba, in aka ɗora su a kan wasu sinadaran ƙarfe, suna juya kabon monoksaid zuwa iskar da ba ta da irin wannan dafi, ko da cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara. Kabon monoksaid ita ce iskar gubar nan mara wari da janareto ke fitarwa, wadda ke kashe mutane cikin barci in an kunna shi a rufaffen ɗaki. Zinariyar tana aikin dillali ne a nan: takan haɗa iskar gubar da iskar shaƙa su ƙulla ciniki, ita kuwa ta fita yadda ta shiga. Lalle ƙaramin goro ya fi babban dutse.

YADDA FAIFAN GWAJI YAKE AIKI

Kafin zinariya ta shiga asibiti sai da aka warware matsaloli biyu. Ta farko ita ce yadda za a riƙa samun ƙwayoyi masu girma ɗaya a kowane lokaci. A 1951 John Turkevich da abokan aikinsa a Jami'ar Firinston ta Amurka suka nuna hanya mai sauƙi: a tafasa ruwan gishirin zinariya, a zuba masa sitiret, wanda ɗan'uwan sinadarin tsamin lemo ne. Cikin 'yan mintoci ruwan yakan tashi daga rawaya ya yi duhu, sa'an nan ya tsaya a ja. Yawan sitiret da aka zuba shi ne ke yanke girman ƙwayoyin. Har yanzu ana bin wannan hanya.

Matsala ta biyu ita ce yadda za a sa zinariyar ta nemo abin da ake nema. Jikin mutum da na dabba yana yin waɗansu sinadaran garkuwa, waɗanda kowannensu ke kama baƙon abu iri ɗaya tak, kamar yadda kowane kwaɗo yake da nasa mabuɗi. A 1971 masana biyu, Faulk da Taylor, suka manna irin waɗannan sinadaran garkuwa a jikin ƙwayoyin zinariya, suka ga sun je sun lafe a jikin ƙwayar cutar da aka nufa. Daga wannan dabara aka gina gwaje-gwajen gaggawa da dama, har da yawancin na juna biyu, da na cutar ƙanjamau, da na korona da aka yi ta amfani da su daga 2020.

A cikin faifan gwajin zazzaɓi akwai siririyar takarda ta musamman. Kusa da ramin jini an shanya ƙwayoyin zinariya, kowace ɗauke da sinadarin garkuwa mai kama wani furotin da ƙwayar cutar zazzaɓin ke saki cikin jini. Wanda aka fi nema sunansa HRP2, na ƙwayar falsifaram, wadda ita ce ta fi yawa kuma ta fi kisa a ƙasashenmu. Ruwan maganin da ake ɗigawa yakan fasa ƙwayoyin jini, ya kwashi kome ya bi takardar da shi, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. In furotin ɗin yana cikin jinin, zinariyar takan kama shi su tafi tare. A wurin da aka rubuta harafin T an kafa waɗansu sinadaran garkuwa da ba sa motsi. Su kuma sai su cafke furotin ɗin ta ɗaya gefen, zinariyar ta tsaya cak. Miliyoyin ƙwayoyi sukan taru a nan har ido ya ga layi. A wurin harafin C kuwa an kafa abin da ke kama zinariyar ko da cuta ko babu, domin a shaida cewa ruwan ya bi hanyarsa daidai. Zinariyar da ke cikin faifai ɗaya ba ta kai abin da ma'aunin maƙeri zai ji ba, saboda haka kada wani ya ce zai tara tsofaffin faifai ya yi arziki. Jinin mutane ne a jikinsu, wurinsu kwandon ƙonawa.

ABIN DA KE A KAN MIZANI

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an sami masu zazzaɓin cizon sauro wajen miliyan 263 a duniya, mutum kusan 597,000 kuma suka rasu, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Afirka. Nijeriya kaɗai ta ɗauki wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu ciwon, da kusan kashi 3 cikin 10 na waɗanda suka rasu.

A dā, tabbatar da wannan ciwo sai da madubin likita, da ƙwararren mai duba jini, da wutar lantarki ko hasken rana mai kyau. Inda babu waɗannan, kowane zafin jiki sunansa maleriya. Yaro mai ciwon huhu, ko taifot, ko sanƙarau, sai a yi ta ba shi maganin sauro har lokaci ya ƙure. Gwajin gaggawa ya fara fitowa cikin shekarun 1990, a 2010 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa a gwada jinin duk wanda ake zato kafin a ba shi magani. Tsakanin 2010 da 2022 kamfanoni sun sayar da faifai fiye da biliyan 3, mafi yawansu zuwa Afirka kudu da Sahara. Ma'aikacin lafiya a ƙauyen da babu wuta yanzu yana iya sanin abin da dā sai an je babban asibiti.

Amma fa gwajin yana da iyakarsa, ya kamata iyaye su sani. In layin C bai fito ba, gwajin ya lalace, sai a sāke wani. Layin T ko da ya fito dishi-dishi, ana lissafa shi akwai cuta. Kada a karanta sakamako bayan lokacin da aka rubuta a jikin kwalin ya wuce. Furotin HRP2 yakan daɗe cikin jini har makonni bayan an warke, don haka layi biyu a jikin wanda bai daɗe da gama shan magani ba yana bukatar hukuncin likita. Zinariya ba ta jin zafin rana, amma sinadaran garkuwar da ke jikinta suna ji. Yawancin faifai an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, waɗansu 40, alhali a watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri yakan haura 40. Kwalin da ya yini a shago mai rufin kwano ko bayan mota abin shakka ne. Bugu da ƙari, a 2010 an ba da rahoton ƙwayoyin cutar da ba sa yin HRP2 sam a ƙasar Feru, daga baya aka same su da yawa a Eritiriya, har ƙasar ta sauya irin faifan da take amfani da shi a 2016. Wannan ya sa masana suna ta aikin inganta faifan da ke neman wani furotin dabam. In gwaji ya nuna babu, amma jikin yaro bai yi sauƙi ba, a koma asibiti.

ƊIGON DA KE BA DA HASKE

Zinariya shanye haske take yi. Akwai kuma waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ke fitar da nasu haske, ana kiransu ɗigon kwantam, su ma daga gilashi mai launi labarinsu ya faro. A 1981 Aleksey Ekimov, a birnin Leningirad na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ya nuna cewa hasken da gilashinsa ke shanyewa yana sauyawa bisa ga girman ƙananan ƙwayoyin gishirin jan ƙarfe da suka kafu a ciki. A 1983 Louis Brus ya ga irin wannan cikin ruwa a Amurka. A 1993 kuma Moungi Bawendi da abokan aikinsa suka gano yadda za a dafa ƙwayoyin su fito girma ɗaya, ta wurin tsiyaya sinadaran farat ɗaya cikin ruwa mai tsananin zafi. Su ukun suka raba lambar Nobel ta ilimin sinadarai a 2023.

Mai kiɗan kalangu ya san in ya matse tsarkiya a hammata sauti yakan ɗaga, in ya sassauta ya sauka. Haka ilaktron yake cikin ɗigon kwantam. In wurin ya matse, ƙarfinsa yakan ɗaga, hasken da zai fitar ya karkata zuwa shuɗi. In wurin ya ɗan yalwata sai ya karkata zuwa ja. Sinadari ɗaya, in ƙwayarsa nanomita 2 zuwa 3 ce ta ba da shuɗi ko kore, in ta kai 6 ko 7 ta ba da ja. Kamfanin Sony ya fitar da talabijin mai amfani da su a 2013, waɗanda ake sayarwa yanzu da sunan QLED ma da su suke aiki. Sai dai ɗigon farko da kadmiyam aka yi su, shi kuwa ƙarfe ne mai guba, abin da ya sa waɗansu kamfanoni suka koma ga sinadarin indiyam.

A YI HATTARA DA SUNAN NANO

Da yake ƙanƙanta tana canja halin abu, ba za a ce abin da ba ya cutarwa yana dunƙule ba zai cutar ba in ya zama ƙura. Wannan ma babban fagen bincike ne. Alal misali, a 2022 Tarayyar Turai ta hana sa farin sinadarin titaniyam cikin abinci, wanda ake haskaka alewa da cingam da shi, domin masana sun ce ba za su iya ba da tabbacin lafiyar ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa ba.

Akwai kuma masu fakewa da sunan su sayar da abin da bai tabbata ba. A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ibola ta shigo Legas, an yi shelar cewa za a gwada wani ruwa mai suna Nano Silver a kan marasa lafiya. Cikin 'yan kwanaki hukumomin lafiya suka ce bai cika sharuɗɗan bincike ba, aka ajiye shi. Abin da ya kawar da cutar shi ne bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da masu ciwon da keɓe su, har aka ayyana Nijeriya ta rabu da ita ranar 20 ga Oktoba na shekarar. Gaskiya ne azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta a kan fata, ana ma sa ta cikin waɗansu bandejin ƙuna. Shan ruwanta kuwa wani abu ne dabam. Tun 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba a tabbatar yana warkar da kome ba, wanda ya daɗe yana sha kuma fatarsa takan rine ta yi toka-toka, ba ta kuwa komawa. Duk mai tallan da ya zo harabar majami'a ko kasuwa da kwalbar da ya ce tana maganin kowace cuta domin an rubuta nano a jikinta, a tambaye shi lambar hukumar NAFDAC, a kuma nemi shawarar likita kafin a taɓa aljihu.

INA RABON AFIRKA?

Ana haƙar zinariya a Gana, da Mali, da Sudan, da Afirka ta Kudu, har da Zamfara da Neja, amma faifan da muke amfani da su akasari daga Koriya ta Kudu, da Indiya, da Sin, da Amurka ake kawo su. Kuɗin faifan yana cikin sanin yadda za a dafa ƙwayoyin su fito daidai, da yin sinadaran garkuwa, da tabbatar da cewa faifai na miliyan ya yi aiki kamar na farko.

An fara yunƙuri. Cibiyar Mintek ta Afirka ta Kudu ta daɗe tana bincike kan ƙananan ƙwayoyin zinariya domin gwajin cututtuka. A 2020 an buɗe masana'antar faifan gwaji mai suna diaTROPIX a Cibiyar Pasteur da ke Dakar. A 2004 masana a birnin Fune na Indiya sun nuna cewa ruwan ganyen darbejiya yana iya yin aikin da sitiret ke yi, ya fitar da ƙananan ƙwayoyin zinariya da na azurfa. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya, ciki har da Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomosho, sun bi wannan hanya da ganyaye da ɓawon itatuwan gida iri iri. Wahalar ita ce, sa ruwa ya yi ja abu ne mai sauƙi, amma auna girman ƙwayoyin yana bukatar madubin ilaktron mai tsada, da wutar da ba ta yankewa, da ma'aikacin da ya san gyaransa.

Wannan aiki ne na gwamnati da jami'o'i, amma tushensa yana makarantar sakandare. Makarantun da ke hannun ekklisiyoyi da al'umma, in za su gina sabon aji, su tuna da ɗakin gwaje-gwaje da malamin sinadarai, gama ɗalibin da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba da wuya ya yi sha'awar abin da ke cikinta. Iyaye kuma, kafin a sayi maganin zazzaɓi a kemis, a nemi a yi gwajin, a duba ranar lalacewar faifan, a kuma jira mintocin su cika.